Kunun Adawa

Duk wanda ya zauna unguwar Mafoni a shekarun nan na shingaye ya san Ya Kellu ba ta taɓa ɗaga hannu biyu a gaban soja ba. Kun tuna yadda ake yi ai. A sauke mu daga keke mai ƙafa uku tun daga nesa, mu jeru maza da mata, hannuwa sama, mu taka a hankali har mu wuce buhunan yashi. Alhazai masu tumbi sun ɗaga, malamai masu rawani sun ɗaga, ni kaina na ɗaga har kafaɗuna suka yi tsami. Ita kuwa hannu ɗaya take ɗagawa, na hagu ma, shi ma iyakarsa kunne. Na daman yana riƙe da bakin lafayarta.

"Mama! Ɗaga duka!" in ji sojan, da irin Hausarsu ta bariki.

"Hannu biyu na Allah ne," in ji ta. "Kai ɗaya ya ishe ka. In ka raina, in sauke."

Ni da ke bayanta ina ta salati a zuci. Ni Fanna, 'yar ƙaninta, na sha faɗa mata bakinta ne zai kashe mu, ba harsashi ba. Sai ta ce to ai gara, ko ba komai bakin nata ne, ba na gwamnati ba.

Kun dai san ta da adawa. Tun kafin a haife ni take yin ta. Turaren wuta da humra take haɗawa ta kai Kasuwar Litinin, ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk gwamnatin da aka yi a ƙasar nan, ta farar hula da ta kaki, ta sha zaginta. A ɗauke wuta, gwamnati. Gero ya yi tsada, gwamnati. Wallahi ko kazarta ce ta ƙi yin ƙwai, gwamnati ce. Da wannan masifa ta sauko mana kuwa, maganarta ɗaya ce, wai manya sun buɗe kasuwa, 'ya'yan talakawa ne hajar. In motocin soja suka wuce layinmu sai ta ja tsaki mai tsawo, har motar ƙarshe ta sha kwana ba ta gama ba.

To bari in faɗi abin da duk muka sani muke ta kewaye shi. Modu shi ne ɗanta tilo, tela ne, shagonsa na bakin layi, yana da matarsa Yagana da goyo. Ranar da abu ya fashe a bayan unguwa aka zo aka kewaye mu, aka fito da duk wani namiji aka zaunar a rana. Da la'asar wasu suka dawo gida, wasu ba su dawo ba. Modu bai dawo ba. Wani ya rantse ya ga an jefa shi a mota. Wani ya rantse ya gan shi ya tsallake katanga ya faɗa hannun yaran can da ba ma kiran sunansu. Muka je shagon muka tarar da rigar wani a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya an ɗinka, ɗayan ba a ɗinka ba.

Babu ƙofar da Ya Kellu ba ta tsaya ba. Ofishin 'yan sanda, bakin bariki, gidan manya, gidan waɗanda suka san manya. Amsa ɗaya ce, babu. Daga nan muka koma bin mutuware, inda ake ajiye gawa, ni da ita, ana ja mana mayafi daga fuskar 'ya'yan mutane, muna cewa ba shi ba ne, ba mu san ko godiya za mu yi ko kuka ba.

A irin wannan yawon ne muka ɓata hanya a babban asibiti. Mun fito daga mutuware kanmu yana juyawa, maimakon mu yi dama sai muka yi hagu, muka faɗa wani dogon ɗaki. Gadaje jere, duk samari, wannan babu hannu, wancan an naɗe masa kai kamar kabewa. Sojoji ne da aka kwaso daga daji. Ya Kellu ta ja tsakinta, ta juya za ta fita, sai muka ji daga gadon ƙarshe:

"Iya... Iya..."

Ta tsaya cak. Haka Modu yake kiranta.

Wani ƙato ne baƙi, ƙarfe ya ratsa ƙafarsa, zazzaɓi ya dafa shi, leɓɓansa duk sun tsage. Ga kofi a gefe, hannunsa ba ya kaiwa. Kun san asibiti, in ba ka da mai jinya ka kaɗe. Likita zai duba ka, nas za ta yi maka allura, amma mai ba ka ruwa, mai juya ka, mai wanke maka kwano, sai naka. Su kuwa nasu suna can wata uwa duniya, hanyar ma ba ta biyuwa.

Ta taka har bakin gadon. "Kai! Wa ya ba ka izinin ce mini Iya?"

Na gadon kusa da shi ya ce, "Mama, ba da ke yake ba. Bayarabe ne, a yarensu uwarsa yake kira."

"To uwar tasa tana ina?"

"Tana can garinsu."

"Gwamnatin da ya zo yi wa yaƙi fa? Ba ta da hannun ba shi ruwa?"

Sai ta ɗauki kofin, ta tallafo kansa da hannun nan nata mai ƙamshin turare.

"Sha," in ji ta. "Allah ya isa tsakanina da ku. Sha a hankali mana, kar ka ƙware!"

Washegari da sassafe na ji turmi yana tashi a gidanta. Na leƙa, gyaɗa take dakawa. Na ce, "Ya Kellu, suna aka yi?" Ta ce, "Dubiya zan je." Na ce waye ba shi da lafiya? Ta ce, "Maƙiyana."

Haka aka fara. Kunun gyaɗa cike da bokitin roba mai murfi, da tsamiya, da kofuna a ƙulle cikin tsohon ɗankwali. Kuma kun san Ya Kellu da tsimi, matar da take raba ashana ɗaya biyu da reza. Ba za ta ɗauki nauyin nan ita kaɗai ba. Sai ta sa wa 'yan kasuwa haraji, ita da ta ƙi jinin haraji. Mai shinkafa ya ba da tasa, mai tsamiya ya ba da tasa. Da ta zo kan Alhaji Bukar mai gyaɗa sai ya ƙeƙashe ƙasa.

"Ni in ba soja gyaɗata? Mutanen da suka sa ni tsallen kwaɗo a gaban surukina?"

"Wanda ya sa ka tsallen kwaɗo yana can kan titi da ƙafafunsa biyu," in ji ta. "In ka gan shi ka rama, ni ma zan taya ka. Wanda zan kai wa ko tsallen ƙuma ba zai ƙara yi ba. Auna."

Ya auna yana ƙunƙuni. Ta sa hannu ta ƙara tozo. Ta juya za ta tafi, sai ta dawo.

"Ledar fa? A bakina zan zuba?"

Matsalar farko mai gadi ne. An hana kowa shiga ɗakin nan sai dangi. Ya tare ta da sanda.

"Mama, wurin wa?"

"Wurin ɗana."

"Wanne?"

"Na gadon ƙarshe, baƙin nan mai ƙaton kai."

Ya dubi zanen Barebari a fuskarta, ya dubi lafayarta. "Haba Mama, wannan ai Bayarabe ne."

"Ubansa ne Bayarabe. Kai ka san inda na yi aure-aurena?"

Ya janye sandar, ya matsa. Bayan 'yan kwanaki ta ce wurin ɗanta za ta, na kusa da taga. Wannan Inyamuri ne. Aka jima kuma ta ce na bakin ƙofa, shi kuma daga tsaunukan Filato. Mai gadi ya riƙe baki.

"Mama, don Allah maza nawa kika aura?"

"Ba ku ne kullum a rediyo kuke cewa ƙasar nan uwa ɗaya uba ɗaya ba? To ni ce uwar. Uban ne ya gudu ya bar mini su. Matsa!"

Sunan na gadon ƙarshen Kofur Tunde, amma bakin Ya Kellu bai taɓa iya shi ba, ko kuma ta ƙi iyawa. Tandu take ce masa, har ɗakin duka ya ɗauka, har nas-nas. Ya yi zaman bariki a Arewa tun yana yaro, yana jin Hausa, kuma Allah ya haɗa ta da daidai ita wajen taurin kai.

Abin da ya haɗa su sukari ne. A tsohon gwangwanin turare take zuba shi, don ba za ta sayi wani mazubi ba, shi ya sa kununta kullum yake ƙamshin ɗakin amarya. Gwangwanin yana ƙugunta, cokalin yana hannunta. Kowa zai sami kunu, wannan ba ta taɓa hana kowa ba. Amma sukari sai an amsa tambaya.

"Wa ka zaɓa?"

"Mama, mu muna bakin aiki, ba mu yi zaɓe ba."

"Da za ka yi fa?"

In ka ce jam'iyyar gwamnati, ka sha kununka salam. In ka ce adawa, cokali guda. La ilaha illallahu! Kafin mako ya zagayo ɗakin nan kaf ya koma adawa. Mutum an ɗaure masa muƙamuƙi, da ƙyar yake buɗe baki, amma yana hango gwangwani zai ce, "Adawa, Mama, adawa!" Tandu kaɗai ya ƙi.

"Iya, gwamnati tana ƙoƙari."

"Ƙoƙarin ne ya huda maka ƙafa?"

"Iya, ba gwamnati ta harbe ni ba."

"Ita ta kai ka inda za a harbe ka. Ina manyan naka? Wanne ya zo ya ɗauke maka fo?"

"Iya, ki faɗi duk abin da za ki faɗa. Amma da ba ma nan, da tuni sun shigo garin nan, ke da turarenki duk an ƙone."

Ta kalle shi sama da ƙasa. Can ta ce, "Wannan kam gaskiya ka faɗa. Sukari dai babu."

Wata da watanni yana shan kunu salam, yana yamutsa fuska, bai canza baki ba. A hanyar gida ta ce da ni, "Duk ɗakin nan munafukai ne, Tandu ne kawai mutum. Kaico da ya zama ɗan gwamnati."

Sai aka yi zaɓe, waɗanda take goyon baya suka ci. Kun tuna yadda garin nan ya rikice, ana ta guɗa, yara suna bin keke da ganye. Na ruga gidanta in yi mata barka, na tarar da ita zaune ta haɗa kai da gwiwa.

"Ya Kellu, ba kya murna? Naku sun ci!"

"Nawa? Ai tun jiya da suka ci suka zama gwamnati."

Da ta shiga ɗakin da bokitinta, duk suka miƙo kofuna suna mata kirari, kowa yana jiran cokali biyu na murna. Ta wuce su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba musu kunu salam. Ta isa gadon ƙarshe, ta buɗe gwangwani, ta dinga zubawa har kunun ya yi kauri.

"Sha, Tandu. Yau kai kaɗai ne ɗan adawa a ɗakin nan."

Mun yi dariya ranar har nas ta zo ta kore mu. Amma dariyar iyakarta ƙofar asibiti. A unguwa wani abu ne daban, kuma wasunku da ke zaune a nan kun san abin da kuka faɗa, ba sai na kama suna ba. An daina sayen turarenta. An ce ta haukace. An ce 'yar rahoto ce, a lokacin da wannan kalma kaɗai ta isa a tsinci gawar mutum a kwata. Masu kyautata mata zato kuma suka ce wayo ne, tana ciyar da su ne don ta ji labarin ɗanta. Ni ma haka na ɗauka. Na jira, na jira, ban ji ta ambaci Modu a ɗakin nan ba ko sau ɗaya. Rannan na kasa haƙuri.

"Ya Kellu, mutanen nan sun zagaya ko'ina. Wani ya yi gadi a inda ake tsare mutane, wani ya shiga daji. Ki tambaye su mana!"

"Da kununa a cikinsu?"

"To mene ne?"

"In na tambaya ya zama cin hanci. Na ba ka, ka ba ni. Ni da na tsufa ina zagin masu yin haka, yanzu in yi da bokiti? Sadaka na kawo, ba ciniki ba."

Wallahi ranar na ji kamar in shaƙe ta. Na ce ɗanki ne fa, ba siyasa ba! Ta ce ta fi ni sanin ɗanta ne, ita ta yi naƙudarsa. Muka taho Mafoni, ina gani tana share ido da bakin lafaya tana cewa hayaƙin keke ne.

Wadda abin ya fi ci ita ce Yagana. Yarinyar nan ba ita ga matar aure ba, ba ita ga mai takaba ba. Kullum da safe ƙarar turmin nan a kanta yake sauka. Goyon da Modu ya bari ya yi ƙafa, ya fara magana, yana nuna kowane namiji a layi yana tambaya. Rannan ba ta ce wa kowa komai ba, ta saɓa yaron ta bi bayanmu. Muna cikin rabon kunu sai ga ta a bakin ƙofa.

"Ku sha!" in ji ta, muryarta tana rawa. "Ku sha ku ƙoshi! Amma ku tambaye ta ina ɗanta. Ku tambaye ta ina uban yaron nan. 'Yan'uwanku sun zo unguwarmu da rana tsaka, tun ranar ba mu ƙara ganinsa ba. Ita tana nan tana muku fifita!"

Wani ya ajiye kofinsa a hankali. Wani ya juya fuska bango. Tandu ya yunƙura ya zauna.

"Iya, gaskiya ne?"

"Sha kununka."

"Iya, duk watannin nan? Me ya sa ba ki faɗa ba? Yaya sunansa?"

"Ba zan faɗa maka ba. Kununa yana jikinka."

"To sai yaushe?"

"Sai an sallame ka, ka bar cin nawa, ka rame ka koma yadda na same ka. Ranar ka zo ka tambaye ni, ba bashin kowa a kan kowa."

Yagana ta buɗe baki za ta faɗi sunan, Ya Kellu ta yi mata wani kallo, ta haɗiye. Ta juya ta fita tana kuka, yaron yana kuka, ni ma ina kuka. Ita kuwa ta bi gado-gado tana karɓar kofunanta, tana ƙirgawa kar a ɓatar mata da ɗaya.

Aka sallami Tandu, yana ɗan ɗingishi, aka mayar da shi bakin aiki. An jima sosai, sai ga shi a Mafoni cikin farin kaya, da la'asar, yana tambayar gidan mai turare. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ɗage hannun riga.

"Iya, duba. Na rame."

Ta kama damtsensa ta matsa kamar mai taya rago. "Da saura."

"Iya, abincin bariki nake ci, wallahi ba sauran kununki ko ɗigo."

Ta sake shi. Sannan, a karo na farko tun da ta fara kai kunu asibiti, na ji ta roƙi wani abu a wurin mai kaki. Ta ce sunansa Modu, tela ne, yana da tabon ƙuna a wuyan hannu, ba ya son a yi masa tsawa, in an yi masa sai ya kasa magana, a ɗauka taurin kai ne. Ta ce, "Ba na ce ka fito da shi ba. Ka dai gano mini ko yana cin abinci."

Ya ce yana da aboki a cikin masu gadin inda ake tsare mutane, zai tambaya. Da zai tafi ta ƙi ba shi ko ruwa, wai kar a koma gidan jiya.

Ita ba ta riƙe waya, ta ce kunnen gwamnati ce, don haka lambata ya karɓa. Wata ranar Talata ina rumfa a kasuwa sai ga kira. Iska tana ta kaɗa maganar, daga ji a bayan mota yake.

"Fanna, an sa mu rakiyar motoci, za mu dawo jibi. Ki ce wa Iya ta dama kunu ranar Juma'a, da sukari. Ina tafe da magana."

"Mai daɗi ko marar daɗi?"

"Ba ta waya ba ce. Sai na zo."

Ranar Juma'a ta dama kunu. Yagana da kanta ta daka gyaɗar. Muka zauna har kunun ya huce, ya yi fata a sama. Ranar Asabar ta sake damawa. Ranar Lahadi ta ɗauki bokiti ta tafi asibiti, a can wani daga cikin tsofaffin 'yan ɗakin ya gaya mata. An tare su a hanya. Motar Tandu ce a gaba.

Daga ranar gidan nan ya rabu biyu a kan kalma ɗaya. Ya Kellu ta ce, "Ya ce da sukari. Mutum ba ya neman sukari in mutuwa zai faɗa. Modu yana nan da rai." Yagana ta ce, "Ya ce ba ta waya ba ce. Labari mai daɗi ai ta waya ake faɗarsa, da gudu ma." Kowace ta zo ta tsare ni, in maimaita mata yadda ya faɗa, da wace irin murya, ya yi dariya ko bai yi ba. Na maimaita har na daina sanin abin da na ji da abin da na ƙara. Mun nemi abokin nan nasa, ba mu san ko sunansa ba.

Sai ta yi abin da har gobe ake maganarsa. Ta share tsakar gida, ta aro tabarmi, ta shimfiɗa, ta aika gida-gida wai tana zaman makoki. Liman ya aiko a gaya mata a hankali cewa mamacin nan soja ne, kuma ba musulmi ba ne.

"Ku ce wa Liman ban ce ya yi masa salla ba," in ji ta. "Cewa na yi an yi mini mutuwa. Wanda zai zo ya ce mini sannu ya zo, wanda ba zai zo ba ya riƙe sannunsa, ba ta ƙare a kasuwa ba."

Da safe babu kowa, daga ni sai ita sai tabarmi. Wajen hantsi wata tsohuwa daga layin baya ta shigo, wadda nata biyu suka tafi rana ɗaya da Modu. Ta zauna ta ce, "Ya Kellu, ya haƙuri?" Ya Kellu ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Ke ma ya haƙuri?" Sai matar nan ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ce mata ya haƙuri, don ba gawa, ba jana'iza, ba wanda ya isa ya fara.

Kafin azahar gidan ya cika. Daga Mafoni, daga Bolori, mata da ban taɓa gani ba, kowace da nata wanda ya fita bai dawo ba. Ba wadda ta san Tandu, wasu ko sunan ba su tambaya ba. Suna shigowa su gaishe ta, su juya su gai da juna, ya haƙuri, ya haƙuri, tsakar gida ta ɗauka. Waɗanda suka ce mata 'yar rahoto ma sun zo, na gan su, sun zauna sun yi kukansu.

Ita kuwa tana zaune a bakin ƙofa tana gadi. Wata ta yi kuskure ta ce, "Allah ya jiƙan Modu." Ta zabura.

"Ke! Wa ya ce miki na Modu ne? Na Tandu ne! Modu bai mutu ba. Janye bakinki!"

Matar ta janye. Can da yamma Yagana ta fito daga ɗaki da mayafi har goshi, ta zo ta zauna a gefenta. Mata suka fara matsowa suna gaishe ta, tana amsawa a hankali. Na zuba wa Ya Kellu ido, na ce yanzu za ta kore su. Ba ta kore su ba. Ta juya kai gefe kamar ba ta ji, ta kama hannun yarinyar ta riƙe a cinyarta har aka kira magariba.

Bayan nan ta ci gaba da dubiyarta, ɗakin ba ya rabo da sababbi. Amma ta daina tambayar kowa wa ya zaɓa, kuma ba ta ƙara ambaton Modu a gaban mai kaki ba. Da ciwo ya kama ta a ƙarshen damina muka ce za mu kai ta asibiti, ta ce ita dubiya take zuwa can, ba kwanciya ba, a ƙyale ta a ɗakinta. Ranar ƙarshe ta sa Yagana ta matso da kunnenta. Na ɗauka wasiyya ce. Ashe cewa ta yi, in ya dawo kar a yi masa tsawa a kan daɗewar da ya yi.

Ta tafi ba ta sani ba. Mu ma har yau ba mu sani ba. Yagana tana nan a ɗakin, yaron ya shiga makaranta, in an ce ya faɗi aikin ubansa sai ya ce ɗinki.

Ya Allah, ga baiwarka Kellu nan ta zo, da bakinta da taurin kanta. Ka yafe mata zage-zagen, ka karɓi sadakar, ka sanyaya mata makwanci. Yaron nan na mutane da ya mutu a hanya da maganarmu a bakinsa, kai ka san shi, ka ba uwarsa haƙuri a can inda take. Modu kuwa, in yana wurinka, ka haɗa su, ta huta. In yana nan duniya, ka dawo mana da shi, ka kuma ba mu bakin da za mu gaya masa. Amin.